Katakon da Giwa ta Shuka

Shekara uku na yi a wata warsha, wato wurin aikin kafinta, a unguwar Shifa, kudancin Riyad, muna haɗa ƙofofin gidajen masu hali. Ni ɗan cikin garin Kano ne, daji sai ta tagar mota na san shi. Aikina gogar katako, kuma da yake na ɗan iya Larabci, ni ke yi wa Hausawan wurin tafinta a gaban mudir, wato manajanmu.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba, Bahaushen Kamaru, daga can gabas inda kurmi yake. Shara yake yi da ɗaukar kaya. Ya kusa sittin, kuma burinsa ɗaya ne, kullum sai ya faɗa: a bar shi ya ƙara shekara biyu a aikin nan, autarsa ta gama karatun jinya a gida.

Wata rana aka sauke kwantenar katako ja, a idona duk iri ɗaya. Baba ya ajiye tsintsiya, ya kankari gefen wani da 'yar wuƙarsa, ya kai hanci.

Ya ce, "Wannan giwa ce ta shuka shi."

Na ce, "Baba, rana ta taɓa ka ne? Giwa da fartanya?"

"Ka ji ɗan birni. Ba abin da ka iya sai neman wurin cajin waya."

Lokacin cin abinci ya ba ni labari. Shekara goma sha wani abu ya yi wa wani kamfanin katako aiki a kurmi. Shi ke shiga gaba da adda da gwangwanin fenti. Ya sari ɓawo, ya shinshina, ya san wane itace ne, ya shafa masa alama. Ba duka ake sarewa ba, ɗai-ɗai ake tsinta, manyan. Wasu a bar su, wai uwayen iri. Shi wannan jan, mowabi suke ce masa. Tsayinsa sai hularka ta faɗi, mata kuma na tatsar mai daga ƙwallon 'ya'yansa. In 'ya'yan suka zubo, giwa ta haɗiye, ta yi tafiyar yini, ta kasayar da ƙwallon can nesa cikin takinsa. Nan yake tsirowa. Tana tafe tana karya ƙananan itatuwa, wanda ya tsira ya samu sarari ya yi kauri.

Na ce, "To ai kun bar uwayen. Ina matsalar?"

"Hanyar da muka fasa wa tirela, ita mafarauta suka biyo. Kafin na bar aikin, sai in yi wata ban ga kashin giwa ba. Uwar na nan tsaye, tana zubar da 'ya'ya a gindinta, ɓeraye su ci, saura su ruɓe. Inda muka kayar da babba kuma, igiyoyin daji ne suka rufe wurin da wasu itatuwa marasa ƙwari. Daga sama ka ga kore shar. Ka shiga ciki, ba yaran itace."

Abin ya burge ni, kuma nan na yi wautata. Mu dai in namu ya iya abu sai mun tallata shi. Da ma mudir na ta faɗa, wai kaya sun zo a cakuɗe, ba a san mai tsada da mai araha ba. Na same shi a ofis na ce wannan tsohon da kuke ba shara, da hanci yake gane katako. Ina ganin na ɗaga Baba ke nan.

Aka gwada shi, bai kuskure ko ɗaya ba. Mudir ya yi ta dariya yana ɗaukarsa bidiyo. Daga ranar, duk kwantenar da ta zo, Baba ke tantancewa. Da aka ga ya san jan nan, aka tsayar da shi a bakin injin yanka shi ma, don ba mai son aikin. Ƙurarsa kamar barkono take. 'Yan Bangaladash da muke aiki tare, da sun ga an jawo shi sai kowa ya tuna yana da uzuri a bayi.

Akwai takunkumin hanci a warshar, an rataye su a ƙusa. Baba ba ya sawa.

"Baba, sa abin nan mana."

"In toshe hancin, da me zan yi aikin? Shekara nawa ina shaƙarsa a daji, me ya yi min?"

A daji ɗanyen ɓawo yake shaƙa, a fili, iska na kaɗawa. Nan busasshiyar ƙura ce cikin rumfar kwano, ga zafin Riyad an rufe ƙofa. Ni ban yi wannan tunanin ba a lokacin. Ko da na yi, ban saba musu da mai furfura ba.

Da atishawa ya fara, sai haɓo, sai tari. Ranar Juma'a in mun je unguwar Bataha cin tuwo, sai ya tsaya sau uku kafin mu kai daga inda mota ta sauke mu. Ya ce sanyin na'ura ne. Wata huɗu ana haka, ranar nan ya durƙushe a gefen injin, numfashi ya ƙi fita. Mudir ya sa direba ya kai mu asibiti.

Likita ya yi magana a fili. Ƙirjin ya kamu, in ya ci gaba da shaƙar ƙurar nan abin ba zai yi kyau ba. A mota Baba ya kama hannuna.

"Ɗana, ka ce wa mudir mura ce."

"Baba, kai ma ka ga fuskar likitan."

"Na gani. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage wa yarinyar. Ka ce mura."

Muka iso warsha. A raina na riga na tsara: zan faɗi gaskiya, in roƙa a mayar da shi shara, ya huta da ƙurar, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana nan. Haka na yi. Baba na tsaye kusa da ni, ba ya jin Larabci sosai, amma ya ji ban ambaci mura ba.

Mudir ya saurara, ya gyaɗa kai, har ya ce Allah ya ba shi lafiya. Sannan ya ce shara kam an riga an ɗauki wani tun watanni, kuma shara ma ai ƙura ce. Zai yi magana da kafil, mai warshar. Bayan sati biyu aka buga wa Baba fita ta ƙarshe, wato ya bar ƙasar ba dawowa.

Kwanakin da suka rage bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ranar tafiya na ɗaukar masa jaka zuwa mota.

Na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Na miƙa masa jakar. Ya shiga mota.

Kwantena ta gaba da ta zo, mudir ya buga waya ɗaya, kamfanin da ke turo kayan ya aiko da takarda mai lambar kowane katako da sunansa. Ashe da ma tambaya ce ba a yi ba.

Bayan wata shida wani ɗan garinsu da na haɗu da shi a kasuwar Dira ya ce min Baba na nan da rai, tarin ya yi sauƙi. Yarinyar kuwa ta bar makarantar, tana tsaron wani shagon magani a bakin tasha.