Zane a Tsakar Gida

Sanƙarau ya tafi da jin ɗiyata tana shekara uku. Da muka dawo daga likita a Dogon Dutsi, sai ta daina waiwayowa in an kira ta, 'yar maganar da ta fara ma ta janye. Innata, wadda ta zo jinya daga Gesheme, ta ce in ƙyale yarinya ta huta, kada in wahalar da ita da koyon komai. Ban yi mata gardama ba. Na ce kawai, "Inna, kunne ne ya tahi, idonta na nan."

Ni tela ne. In zan rufe shago sai in tattaro ragowar ƙyallaye in yanka da almakashi, wani zagaye kamar faifai, wani mai kusurwa huɗu, wani mai uku. Bayan la'asar mu zauna a tabarma ni da ɗiyata, in ɗaga zagayen, in nuna mata marfin tukunya. Ko kallona ba ta yi. Ta zaɓi masu kyau ta ɗaura wa 'yar tsanarta, sauran ta watsa wa awaki. Haka muka yi ta fama har damina ta shigo, matata ta koma jin tausayina fiye da yarinyar.

Wata rana bayan ruwa ƙasa ta yi laushi. Na ɗauki kara na zana siffofin manya-manya a tsakar gida, na cire takalma. Na ɗaga ƙyalle mai kusurwa uku na yi tsalle cikin zanensa, santsi ya kwashe ni. Dariyar da yarinyar ta yi ita ce ta farko tun ciwon. Na tashi da laka a riga, na ɗaga zagayen, da gangan na dira inda ba daidai ba. Sai ta taso ta kama hannuna, ta ja ni zuwa wurinsa tana hararata.

Daga nan wasan ya zama nata. Ita ke ɗaga ƙyalle, yaran maƙwabta na tsalle. Da kanta ta ƙirƙiro wa kowace siffa alama da yatsu. In tana son ƙosai sai ta haɗa ƙaramin zagaye, in ƙofa take so a buɗe ta zana kusurwa huɗu a iska. Duk gidan muka koya daga gare ta. Yanzu ƙidaya muke yi da maɓallai, ta tsaya a bakwai, ban kuwa fasa ba.