Ƙullin Daddawa Zuwa Madina

Mun tashi da asuba daga Makka bayan mun kammala Umra, bas ɗinmu cike maƙil. Hanyar Madina shimfiɗe take kamar tabarma, har wani dattijo a kujerar baya ya yi ta mitar barci ya ƙi zuwa masa saboda babu gargada. Dama da hagu duwatsu ne baƙaƙe, sai raƙuma jefi-jefi. Inda muka tsaya shan shayi, ɗan kofi riyal biyu, ga sukari kamar da gayya.

A jakata akwai ƙullin daddawa da kuka, kuma shi ya fi komai yi mini nauyi. Wani mai tuwo a bakin tashar garinmu ya ba ni, irin waɗanda ake kira 'yan daudu. Na yi shekaru ina sauya hanya don kada a gan ni kusa da rumfarsa, kuma na san dalili. Tun ina yaro ake ce mini in gyara tafiyata, in daina lanƙwasa hannu in ina magana. Da na girma na gane zuciyata ba ga mata take karkata ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ana gobe zan tashi mai tuwon ya tare ni, ya ce in kai ƙullin ga wanda ya koya masa girki a Madina, in kuma isar masa da gaisuwa ga Manzon Allah. Irin wannan saƙo ba a ƙin sa, na karɓa. Amma da wane baki zan ambaci sunansa a wurin, ni da nake jin kunyar ambaton nawa?

Da na hango koriyar ƙubba, sai na sunkuyar da kai. Manyan lemomin harabar masallaci suna buɗewa a hankali ba ƙara, mutane kala-kala suna tafe babu mai ɗaga murya. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka da natsuwa haka ba. Kwana uku ina sallah a sahun baya. Abokan tafiyata suka yi ziyara suka dawo da jajayen idanu, ni kuwa kullum sai in ce ƙafa ce ke ciwo.

Rana ta huɗu bayan la'asar na ɗauki tasi zuwa Harra ta Yamma, unguwar da zan kai ƙullin. Ban sha wuyar kwatance ba, ƙamshin miyar kuka ne ya kai ni ƙofar. A tsakar gida na tarar da tsoho mai farin gemu, ya ɗaura zane a kan jallabiya, yana tuƙa tuwo. Iya suke ce masa. Akwai wani tela ɗan Maraɗi, da wani haifaffen nan da ake yi wa Hausa yana mayarwa da Larabci. Suna hira suna tafa hannu, suna yauƙi yadda ransu ya so, babu mai waiwayen ƙofa. Na tsaya baki buɗe.

Na yi sallama da muryar nan mai kauri da nake fita kasuwa da ita. Iya ya dube ni sama da ƙasa.

"Ahlan, ɗana. Cire takalmi, ka ajiye muryar aro tare da shi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, sai ga hawaye. Babu wanda ya tambaye ni komai. Aka matsa mini a tabarma, muka sa hannu a kwano ɗaya. Iya ya shinshina daddawar ya lumshe ido, sannan ya ce, "Ka je ka gaida Mai Gari?" Manzon Allah yake nufi.

"Ban je ba, Iya. Ina ganin irina bai kamata ba."

"Wallahi shekara talatin ina zuwa, ba a taɓa tsayar da ni an ce in gyara tafiya ba. Mai gadin ma yalla, yalla, a wuce, kawai ya sani."

Washegari da hantsi muka bi layi tare, yana riƙe da hannuna saboda gwiwarsa. Da muka zo daidai kabarin Manzon Allah, na yi sallama. Na isar da gaisuwar mahaifiyata, na isar da ta mai tuwo da cikakken sunansa, sannan na faɗi nawa. Mai gadi ya ce yalla, muka wuce kamar kowa.

Ban dawo da amsar duk tambayoyina ba, har yanzu akwai abin da nake kai wa Ubangijina ni kaɗai. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ina da mutane, kuma na daɗe ina guje musu. Kwana biyu da saukata na je tasha da rana tsaka, direbobi na kallo, na zauna a bencin mai tuwo.

"Alhaji, ka faɗi sunana a can?"

"Na faɗa, ƙarara."

Ya ajiye ludayi, ya rufe fuska da gefen zanensa. Na jira shi har ya gama, sannan na ce ya zuba mini malmala biyu, a nan zan ci.