Yadda Yaya Yake Ƙarasa Labari

Yayana mai walda ne a unguwar Alshajara da ke Khartum. Wata rana ya dawo gida, unguwarmu ta Dar Salam, da tsohon littafi da ya saya a bakin titi a Khartum. Gajerun labarai ne na wani marubucin Masar, likita ɗan ƙauye mai rubutu a kan talakawa. Inna ba ta karatun Larabci, don haka kowace Juma'a bayan la'asar Yaya yakan karanta a zuci, ya mayar mata da Hausa.

Bayan rasuwar Yaya, Inna ta daina fitowa tsakar gida. Da aka yi arba'in na shiga ɗakinta da littafin, na karanta mata labarin da ta fi so, na tsoho mai jirgin fito wanda 'yarsa ta tafi birni. Da na kai ƙarshe na ce yarinyar ba ta dawo ba.

"Ke, ba haka ba ne," in ji Inna. "Ta dawo, har da tsarabar sukari."

Na sake duba shafin. Babu sukari, babu dawowa. A nan na gane Yaya ne yake gyara mata ƙarshen labaran.

"Na tsallake layi, Inna," na ce. "Ƙarasa mini."

Ta gyara zama ta ƙarasa, har da muryar da Yaya yake yi wa tsohon. Juma'ar da ta biyo baya ita ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce in ɗauko littafin.