Mu Biyu a Tsafe

Ƙamshin daddawar maƙwabta ya tuno mini da Gwaggo yau. Shekarar da aikin hanyar jirgi ya kwaso mu daga Zariya zuwa Tsafe, maigidana kullum yana daji, ni da ita ne kaɗai Kiristoci a unguwa. Wata Lahadi tana tuƙa tuwo na fashe da kuka.

"Gwaggo, mu biyu rak, wa zai ji addu'armu?"

Ta kama hannuna da tafinta mai kaushi.

"Ke 'yar nan, sake ƙirgawa. Ce miki aka yi Almasihu ya tsaya a Zariya?"

Bara muka binne ta. Yanzu ni kaɗai nake durƙusawa. Ya Ubangiji, ka hutar da ita, ni kuma kada ka bar ni.