An Kwana Biyu

Laifina ne, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa.

A lokacin ina aiki a ƙaramar likitar wata ƙungiya, wato asibiti, a Gure. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya taɓa ordinata, wato kwamfuta, sai aka ba ni aikin shigar da masu tarin fuka: suna, ƙauye, lambar wayar wani nasu, da ranar dawowa karɓar magani. Maganin na wata shida ne. In mutum ya daina zuwa, a nan ake duba inda yake a bi shi. Kowace Alhamis aikina ne in kwafe komai a wani ɗan faifai in kai gida.

Wata rana aka turo mana wata mata daga Yamai, mai kula da tsaron bayanai. Hausarta ta ciniki ce kawai. Ta ce tambaya biyu suka kawo ta: in ordinatar ta mutu yau, awa nawa za a ɗauka kafin aiki ya tashi, kuma aikin kwana nawa zai ɓace. Ta ce amsar ta biyu tana hannuna, ta tambaye ni rabona da yin kwafi.

"An kwana biyu," na ce.

Duk ɗan Gure ya san an daɗe nake nufi. Ita kuwa ta rubuta 2 a takardarta, har ta yaba mini. Ina kallon alƙalamin. Wata huɗu ke nan ban kwafa ba, don ran Alhamis sauri nake in tafi garkata a kwari. Na ce a raina gobe zan gyara. Goben ba ta zo ba.

Da damina, wata Juma'a muna masallaci, ruwa ya kayar da rufin ofis. Ordinatar ta tafi, manyan littattafan rajista suka zama kunu. Aka aro wata na'ura, kafin la'asar ta Asabar aiki ya tashi, kamar yadda aka tsara. Amma da manjo, shugaban ma'aikatan jinya, ya buɗe faifan, babu ko mutum ɗaya daga waɗanda suka fara magani tun bazara. Ya dube ni. Na ce masa wataƙila zafi ya taɓa faifan.

Yawancin marasa lafiyar sun dawo da ƙafarsu. Wasu manjo ya samo su a kasuwar Gidigir, yana bi rumfa rumfa yana tambaya. Saura wata mata daga wajen Gamu. Duk mun tuna fuskarta, ba wanda ya tuna ƙauyenta.

Bayan girbi mijinta ya kawo ta a amalanke, ba ta iya zama. Ya ce ta ji sauƙi ne ta bar zuwa, kuma an taɓa gaya musu in da matsala za a kira su, da ba a kira ba suka ɗauka shi ke nan. Kwananta uku ta rasu. Ban san ko da an bi ta za ta tashi ba. Na san dai ba a bi ta ba.

A makon nan na gaya wa manjo gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce ba shi ne zai yafe ba.

Shekara guda ina hango dattijon mijin nata a kasuwar dabbobi ina sauya hanya. Ran da na kasa jurewa, na same shi yana ɗaure akuya, na durƙusa. Bai gane ni ba, ya ɗauka mai saye ne.

Na ce, "Baba, daga likita nake. Sunan maiɗakinka a hannuna yake, ni na ɓatar da shi, shi ya sa ba a kira ku ba. Ganganci ne na yi, kuma na yi ƙarya a kai. Don Allah ka yafe mini."