Katin Zaɓe a Cikin Hula

Jiya ina kakkaɓe littattafai a ɗakina na Giza, sai katin zaɓen Baba ya faɗo, har yanzu da ƙamshin turarensa. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Dattijo ne ɗan garinmu da ya tsufa a Alƙahira, amma kullum katin nan yana cikin hularsa.

Wata Lahadi muna cikin tasi a unguwar Zamalek, muka ga 'yan Romaniya sun yi dogon layi a ƙofar ofishin jakadancinsu, suna zaɓen shugabansu daga nan. Baba ya ce wa direba, "Khalas, ya isa, sauke mu." Ya je ya bi layin.

Na ce, "Baba, ai ba namu ba ne."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Mu sai mun hau jirgi mun koma gida kafin mu yi zaɓe. Bar ni in ɗanɗana tsayuwar."

Ya tsaya har ƙafafunsa suka kumbura. Da ya isa bakin ƙofa, sai ya ba na bayansa hanya, ya juyo.

Ya yi niyyar zuwa gida don zaɓe na gaba. A nan muka binne shi kafin ranar, katin ya zauna a hannuna.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ranar babbar tsayuwa, kada Allah ya sa ka juyo daga bakin ƙofa.