Tafkin da Baba Ya Gani Daga Kan Injin

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, ni da yayana, ko masu kosan bakin tasha ba su hura wuta ba. Ku 'yan ofis da kuka ga tafireta ta a rufe kuka ce na gudu biki, to ba biki na je ba. Tafki na je nema.

Bari in faɗa muku dalili tun yanzu. Babanmu direban jirgin ƙasa ne, ya yi ritaya, yana zaune a Kafanchan. Idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sahu. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, kafin wata damina sai dai ya riƙa gane haske da duhu. Abu ɗaya Baba ya roƙe mu. Wai akwai wani tafki bayan Kagoro da ya riƙa hange daga kan injin shekara da shekaru, bai taɓa sauka ba, don direba ba ya tsayar da jirgi ya kalli ruwa. Yana so a kai shi bakinsa ya zauna, ko na kwana biyu ne, tun idon na gani.

Matsalar ita ce, bara da Kirsimeti yayana ya je ya duba. Ya bi layi mil uku ya dawo, ya ce ba tafki ba dalilinsa, lambu ne kawai. Tun daga nan aka fara raɗa a gida cewa ba ido kaɗai ke tafiya ba. Ni kuma an riga an rubuta mini lif ɗina, wato hutun shekara, a Kirsimeti, da shi na yi niyyar kai Baba. Shi ne na ce bari in je in gani da idona kafin in ɗora wa tsoho rai.

Jirgin ya bar Kaduna a makare, kamar yadda ya saba. Tikitin talakawa muka yanka. Tsohuwar da ke kusa da ni tana ta rigima da kwabban da aka ba ta canji, wai ita sule da sisi ta sani, wannan kuɗin yara ne. Muna fita gari na manta da ita. Ku da ba ku taɓa bin hanyar nan a ƙarshen damina ba, an cuce ku. Ciyawa ta fi taga tsawo. Hazo ya kwanta a kan gonaki, itatuwa sai kawunansu, kamar mutane ne ke wanka a rafi. Hayaƙin injin yana wucewa ta gefenmu a hankali, ƙafar jirgi na ta faɗin abu ɗaya, na jingina kaina, ban san lokacin da na fara ganin ruwa ba. Ruwa fari, ba iyaka. Yayana ne ya zungure ni, wai ina murmushi kamar wadda aka ƙara wa albashi.

A Zonkwa mata suka taso da faranti a ka, tun jirgi bai gama tsayawa ba. Dafaffiyar gyaɗa gwangwani sule ɗaya, masara gasasshiya biyu sisi, gwaiba kuwa kusan kyauta. Na sayi gyaɗa, har yanzu da ɗuminta. Yayana bai sayi komai ba, yana tsoron ɓata farin wandonsa mai faɗin ƙafa. Wandon nan, ƙafa ɗaya za ta yi wa yaro riga. Ga takalmi mai tudu. Na ce masa daji fa za mu, ya ce ai shi ya san ƙarshen tafiyar, rakiya kawai ya zo.

Da la'asar muka shiga Kafanchan. Garin nan da hanci ake gane shi, warin kwal da man inji, da usur daga loko, inda ake gyaran injinan jirgi. Madam mai shinkafa a bakin tasha, 'yar Ibo ce da ta san mu tun muna yawo ba takalmi a kwatas ɗin reluwe. Yaƙin basasa ya kore ta, ta dawo ta kafa tukunyarta daidai inda take. Tana ganina ta ce, "Yarinyan direba, ka dawo? Kaduna ba abinci ne? Dubi wuyanka." Ta ƙara mini nama, ta hana yayana, wai mai irin wannan wando ya ƙoshi.

A gida, Baba yana kujerarsa ta ƙofar ɗaki. Tun ban yi sallama ba ya kira ni, wai takuna ya ji. Da muka ci tuwo na sa ya sake kwatanta mini wurin. Ya rufe idon duka biyu, ya ce in ka wuce Kagoro, inda injin ke fara nishi, layi zai yi kwana, sai ka duba hannun dama. Dutse a sama, dutse a ƙasa, wani a tsaye wani a kife cikin ruwa. Da balbelu. Mama tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Yayana ya kalli silin.

Asabar da safe muka shiga ƙaramar bas zuwa Kagoro. Direban har yau hannunsa bai yarda an koma tuƙin dama ba, in ya shiga hira sai motar ta fara lallaɓawa hagu, fasinja su yi masa caa. Tafiyar ba nisa. Dutsen Kagoro ya sha gajimare a ka kamar rawani, ruwa na gangarowa a jikinsa siriri siriri, daga nesa sai ka ce zare aka shanya. A bakin kasuwa ƙanshin citta ya cika ko'ina, ga zuma a kwalba, ga rake. Muka sayi rake biyu muka hau layi da ƙafa.

Tafiya a kan layin dogo ba ta mutum ba ce. Katakan sun yi kusa da juna ga taku ɗaya, sun yi nisa ga taku biyu. Mil ɗaya, takalmi mai tudu ya koma hannu. Raɓa ta jiƙa wandon har gwiwa, ƙarangiya ta yi masa ado. Ni dai na ci gaba da tsotsar rakena. Gefe da gefe gonakin acca ne, ta nuna, ta yi ja ja, iska na kwantar da ita tana tashi. Ba motsin kowa sai kukan tsuntsu da ƙarar ruwa a wani wuri da ba ka gani.

Can muka tarar da masu gyaran layi suna hutawa a inuwa, da kekensu na turawa a kan layi, sun sauke shi a gefe. Hedimansu dattijo ne mai furfura, da guduma mai dogon ƙota. Muka gaisa, ya tambayi 'ya'yan wane ne. Da na kwatanta masa Baba, sai ya yi dariya.

"Direban Makurdi? Mai busa usur sau uku? Ai na san shi. Shi yana zuwa mana rilif."

Na ce wa dattijon, "Baba, mene ne rilif?"

"In direban Jos ya tafi lif, shi ake turowa ya riƙe. Wata ɗaya. Kowane shekara, lokacin yankan acca, za mu ji usur nasa."

Na tambaye shi tafkin. Sai ya saɓa gudumarsa ya ce mu zo. Muka bi shi. Layi ya fara hawa, ya yi kwana, na duba hannun dama.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Ruwa ne kwance tun daga gindin layi har gindin dutse, ko motsi ba ya yi. Dutsen yana sama, ga shi kuma a ƙasa, a kife, har da gajimarensa. Bado ya rufe gefe ɗaya, fure fari fari. Balbelu sun jeru a kan wani busasshen itace a tsakiya, in ɗaya ta tashi sai ka ga biyu, ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa. Wata mata tana tura kwalekwale da gora, a hankali, kamar ba ta da inda za ta. Na ji kamar in na yi magana abin zai fashe. Na tsaya da guntun rake a hannu, ban san minti nawa ba.

Yayana ya zauna a kan ƙarfen layi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wajen itacen balbelun.

"Can na tsaya bara. Har tumatir na saya a tsakiyar ruwan nan."

Hedima ɗan ƙauyen ne, shi ya warware mana. Wurin fadama ce. Farkon damina maza ke fita su tare bakinta da ganuwar ƙasa, ruwan dutse ya taru, kifi ya yi ƙiba, ba mai taɓa shi. In an yanke acca, an yi godiyar kaka a coci, washegari Litinin sai a fasa ganuwar. Gari duka ya shiga da kwando da ƙwarya a kwashi kifi. Kafin sati biyu an dasa dankali da tumatir a cikin laka. Tun kakanninsu haka ake yi. Tafki wata huɗu, lambu wata takwas.

Nan na gane. Baba wata ɗaya tak yake bin layin nan a shekara, kuma kullum wata ɗin nan ne. Shi a saninsa ruwan yana nan har abada. Yayana kuma Kirsimeti kaɗai yake zuwa gida, kamar kowane ɗan birni. Duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Na ce, "Bana yaushe za a fasa?"

Ya ƙirga da yatsu. "Lahadi huɗu, godiya. Litinin, ruwa ya tafi."

Lif ɗina sai Disamba. Tafki na baɗi kuwa, likita bai ba mu shi ba.

Ya kai mu gidansa, yana kan tudu, ƙofar na kallon ruwan. Matarsa ta kawo faten acca da yakuwa da gauta, mai zafi, a akushi. Ban taɓa cin irinsa a Kaduna ba, kuma kada wanda ya ce mini zai kai ni inda ake sayarwa. Muna ci na shiga lissafin hutu a kaina. Akwai ɗakin ɗansu da ya tafi soja, da gadon gora, ta ce mu zo da gidan sauro da bargo, don sanyin asuba a nan ba wasa. Na tambayi kuɗin ɗakin, ta kalle ni kamar na zage ta, ta ce in dai zan zo da gishiri da kananzir, shi ke nan. Saura yadda tsoho zai yi mil uku a kan katako. Hedima ya nuna kekensu na turawa da haɓa. Wai shekara nawa direba yana wuce su yana busa musu usur, bari su ma su tura shi sau ɗaya su ga nauyinsa.

Mun zauna har rana ta karkata. Ruwan ya bar fari ya koma ruwan zuma. Jirgin kaya ya zo yana nishi a kan hawan, na ɗaga kai na hango direban ya leƙo ta taga, yana kallon inda muke kallo. Ƙiftawa kaɗan, kwana ta haɗiye shi. Iya abin da Baba ke samu ke nan, shekara da shekaru.

Da muka koma gida na fara ba shi labari da gudu na. Ya ɗaga hannu.

"Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"To ya isa. Kada ki faɗa mini sauran, ki bar mini in gani."

Yayana ya durƙusa ya ce a yi masa haƙuri. Baba ya lalubi kansa ya dafa, ya ce tashi, ai kai ma wahala ka sha. Mama ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwatin ƙarfe, tana tambayar ina aka sa rigar sanyinsa.

Lahadi bayan sujada muka kamo jirgin Kaduna. Ban yi barci a hanya ba wannan karon, ina ta juya maganar lif. Jiya Litinin tun kafin a share ofis ina ƙofar babban akawu. Ya ce takarda ta riga ta wuce, sai dai in sami mai musanya. Kun san wadda ke zaune kusa da taga, da ta daɗe tana kukan ba ta taɓa cin Kirsimeti a garinsu ba tun da ta kama aiki. Ban gama magana ba ta sa hannu. Don haka bana ni ce mai tsaron ofis, ku ajiye mini cinya ɗaya ta kaza.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mu 'yan birni in za mu wani wuri, ina ne kawai muke tambaya, ba ma tambayar yaushe. Mun ɗauka ƙauye yana tsaye yadda muka bar shi da Kirsimeti. Kuma saura kaɗan mu mai da tsoho mahaukaci don ya ga abin da ba mu gani ba.

Sati biyu ya rage mu tafi, kwana biyar za mu yi. Na tambayi Baba ko idon zai kai. Ya ce zai jira, shi da ya yi rabin rayuwarsa a tsaye a bakin sigina yana jiran a ba jirgi hanya.